Tafiya Mai Nisa a Jirgin Sama da Keken Guragu

A wannan mako za mu tattauna a kan wata matsala da ke damun gidaje da yawa, musamman idan lokacin aikin Hajji ya gabato. Sau da yawa akan sami tsohuwa wadda ƙafafunta suka gaza, ko baiwar Allah da shan-inna ya kama tun tana ƙarama, ga kuɗin kujera Allah ya hore, amma sai dangi su ce ina ita ina jirgin sama. Wannan ba daidai ba ne. Mai keken guragu tana iya zuwa Jidda ko Ingila ta dawo lafiya, in dai an yi shiri tun da wuri.

Da farko ki sani cewa doka tana bayanki. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta wajabta wa kamfanonin jiragen da ke aiki a Nijeriya su tanadi keke mai kyau, su kuma taimaki naƙasasshe wajen hawa da sauka. Amurka ta yi irin tata tun 1986, Tarayyar Turai kuma a 2006. Saboda haka in kin nemi taimako haƙƙinki kika nema, kada ki ji nauyi.

Shiri yakan fara ne daga ranar sayen tikiti. A gaya wa kamfani halin da matafiyiya take ciki, aƙalla awa 48 kafin tashi. Kamfanoni sun kasa masu keke kashi uku, kowanne da alamarsa. WCHR ita ce wadda take iya hawa matakala amma doguwar tafiya ta fi ƙarfinta. WCHS ba ta iya hawa matakala, amma tana iya takawa zuwa kujerarta. WCHC kuwa ba ta iya takawa ko kaɗan, sai an kai ta har mazauninta. Ku 'yan makaranta, nan ne iliminku zai yi rana. Ku duba takardar kakarku ku tabbata alamar da aka sa ta dace da ita. Maniyyata kuma su sanar da hukumar alhazai ta jiharsu tun wajen cika takardu.

Abu na biyu, keken da kika zo da shi daga gida ba zai shiga cikin jirgi da ke ba, domin hanyar da ke tsakanin kujeru ta yi masa ƙunci. Za a sa shi a ɗakin kaya, ke kuma a mayar da ke wani siririn keke mai ɗamara a tura ki zuwa kujerarki. Kafin a karɓi naki, a cire matashin zama da matakin ƙafa a riƙe su a hannu, a rubuta suna da adireshi a manna, a kuma ɗauki hotonsa da waya. In keken mai batir ne, a faɗa wa kamfani irin batirin tun da wuri, don akwai wanda sai an cire shi an shiga da shi a hannu. Galibi masu keke su ake fara shigarwa, su ne kuma na ƙarshen fita, to sai a yi haƙuri. Idan ba ki son namiji ya ɗaga ki, ki faɗa tun a wurin awon kaya, ki kuma tafi da 'yar rakiya mai ƙarfi.

Yanzu ga maganar da mata suka fi jin kunyarta, wato bayan gida. Daga Kano zuwa Jidda tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce, daga Abuja zuwa Landan kuwa ta haura awa shida, ban da zaman jira a filin jirgi. Wasu iyayenmu sukan ƙi ci su ƙi sha tun daren jiya don gudun kewayawa. Wannan haɗari ne, domin iskar cikin jirgi busasshiya ce, kuma ƙishirwa da dogon zama sukan sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Manyan jirage masu hanya biyu galibi suna da ƙaramin keke na kai mutum ƙofar bayan gida, amma a tambaya kafin ranar tafiya. Ma'aikatan jirgi za su tura ki har ƙofa, sai dai ba sa shiga ciki, ba sa kuma ba mutum abinci a baki ko magani. Wannan aikin 'yar rakiya ne. A kewaya kafin a hau, a nemi kujera kusa da bayan gida, a sha ruwa kaɗan-kaɗan, a riƙa gyara zama da motsa ƙafafu saboda gyambon zama. Magunguna da takardar likita su kasance a jakar hannu, kada a kuskura a sa su a akwati.

In an sauka, a duba keke da kyau kafin a bar filin jirgi. Idan ya karye ko ya lanƙwashe, a kai ƙara nan take a karɓi takardar shaida. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999 ta ba da kwana 7 kacal don rubuta koke a kan kayan da suka lalace. Keke shi ne ƙafar mai shi, ba abin da za a ce a bar wa Allah a wuce ba ne.

Uwargida, in kina da uwa ko suruka mai burin ganin Ɗakin Allah, kada keke ya sa a danne mata. A Masallacin Harami ma ana yin ɗawafi da sa'ayi a kan keke. A zauna da ita a ji abin da take iyawa da abin da ba ta iyawa, domin ita ta san jikinta. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya, amin.