Neman Jitar Lantarki Mai Araha da Aka Daina Ƙerawa: Abin Dubawa Kafin a Biya

Manyan kamfanonin ƙera jita suna da ƙananan sunaye da suke fitar da kaya masu araha a ƙarƙashinsu domin 'yan koyo da masu ƙaramin ƙarfi. Fender ya fara fitar da jitar Squier a 1982, Gibson yana da Epiphone da ya saya a 1957, Yamaha ya fito da Pacifica a 1990, Ibanez kuma yana da GIO. Samfuri yakan yi 'yan shekaru a kasuwa, a janye shi a kawo wani, kamar yadda jerin Squier Sonic ya maye gurbin Bullet a 2023. Galibi lissafin ciniki ne ke kawo janyewar. Saboda haka idan dillali ya ce «ai an daina yin irinta», gaskiya ya faɗa, amma bai faɗi komai a kan ingancinta ba, kuma sau da yawa shimfiɗa ce yake yi wa ƙarin farashi.

Akwai tsofaffin da suka cancanci sunan da suka yi. Squier na farko a Japan aka ƙera su, haka ma Aria Pro II da Westone na masana'antar Matsumoku, wadda ta rufe a 1987. Da kuɗin aiki ya tashi a Japan sai ƙirar masu araha ta koma Koriya, daga baya Sin da Indunusiya. Ke nan suna ɗaya na iya fitowa daga masana'antu uku ko huɗu masu hannu daban-daban. Lambar da ke kan jita, gaba ko baya, takan nuna asalinta: a Squier, wadda ta fara da JV ta Japan ce, CY ta Sin, IC ta Indunusiya. Lambar dai ƙasa take nunawa. Ba ta nuna wahalar da jitar ta sha a hannun masu ita na baya.

A Kano kasuwar jita ba ta da faɗi. Ɗakunan haɗa waƙa da ke titin Gidan Zoo, tazara kaɗan daga Gyadi-Gyadi da Unguwar Gano, da fiyano suke aiki, domin shi kaɗai yana fitar da ganga da sarewa da sauransu. Jita tana hannun makaɗan coci-coci na Sabon Gari, da masu kiɗa a otal-otal, da matasan da kiɗan Buzaye na Nijar ya ja, irin na Bombino da Mdou Moctar (wanda da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko). Mai nema a Kano yawanci sai ya dangana da shagunan kayan sauti na Sabon Gari, ko ya jira gwanjon da ke shigowa ta Kwatano da kasuwar Alaba ta Legas, ko ya ji labarin wani makaɗi da zai rabu da tasa. Wannan ta ƙarshen ta fi kwanciyar hankali, domin jitar da ake kaɗawa kullum aibinta a fili yake, wadda kuwa ta fito daga kwantena ba mai ba da labarinta.

Sai tallan Facebook da WhatsApp, inda aka fi tafka asara. Hoto ba ya nuna karkacewar wuya, kuma hoton ma yana iya zama na wata jitar ce a wata ƙasa. Bai kamata a tura kuɗi gaba ɗaya kafin kaya su zo hannu ba. Tambarin kamfani mannawa kawai ake yi, ana kuma buga na jabu. Jitar da aka rubuta wa Fender ko Gibson amma ake sayar da ita a kuɗin ta 'yan koyo ta riga ta tona asirin kanta. Ana kuma satar kayan kiɗa daga wuraren ibada da ɗakunan waƙa, don haka a nemi rasiti, ko a rubuta takardar ciniki gaban shaida tare da lambar jitar.

Idan jita ta zo hannu, wuya ake fara dubawa, kuma shi ke yanke hukunci. Dalili shi ne duk abin da ya shafi waya da dalma mai gyaran rediyo na unguwa zai iya da shi, amma masu iya miƙar da wuyan jita ko sauya ƙarafan da ke jere a kansa ba su da yawa a Arewa. Ana ɗaga jitar a kai ido daidai kanta, a hango tsawon wuyan kamar yadda kafinta ke hangen katako. Idan gefe ɗaya ya ɗaga ɗaya ya faɗa, wuyan ya murɗe, ciniki ya ƙare. Ɗan lanƙwasa zuwa gaba kuwa ba aibi ba ne, da shi ake ƙera ta. Ana auna shi da danne tsirkiya mafi kauri a ƙarfe na farko da na ƙarshe a lokaci guda, a duba tsakaninta da ƙarfe na bakwai ko na takwas: gibin da ya dace bai wuce kaurin katin gayyata ba. In ya fi haka, akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa don gyara shi. Lallai mai sayarwa ya ɗan juya ta a gaban mai saye, domin in ta ƙage ko bakinta ya cinye, wuyan ba ya sake gyaruwa cikin sauƙi.

Daga nan a bi kowace tsirkiya gaɓa-gaɓa har ƙarshen wuya, ana sauraron zirin ƙara ko inda sauti ke mutuwa. Ƙarafa biyar na farko su suka fi cinyewa, ana ganin ramukan da tsirkiya ta haƙa a kansu. A gaɓa ta goma sha biyu tsirkiya ta tashi daga ƙarfe da kimanin milimita 2. Kuma sautin wannan gaɓar ya zama daidai da na tsirkiyar a sake, sai dai ya fi shi sama. In ya kauce kaɗan, ana daidaita shi da kusoshin jakin da tsirkiyoyi ke hawa. In an kai kusoshin maƙura bai daidaita ba, mai yiwuwa tun daga masana'anta aka dasa jakin a gurbin da ba nasa ba.

Yanayin Kano ma yana da hannu. Jita ta fi son damshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, a hunturu kuwa yakan faɗi ƙasa da 20. Katakon wuya yana tsukewa, ƙarfe ba ya tsukewa, sai bakin ƙarafan su fito suna kartar hannu. Wannan ana goge shi da ƙaramin magagari, bai isa fasa ciniki ba. Tsagewa a bayan kai, inda wuya ya haɗu da kunnuwan ɗaure tsirkiya, ita ce abar gudu, musamman a jitar ƙirar Gibson da Epiphone wadda kanta ya kwanta baya. Sabon fenti a wannan wurin kaɗai alama ce ta karayar da aka ɓoye.

Ɓangaren lantarki ba a gwada shi sai da amfilifaya, kuma mai sayarwar da ya ce babu wuta, a jira wuta ta zo. A ɗan ƙwanƙwasa kowane maganaɗisun ɗaukar sauti da bakin sukudireba, a ji ko ya amsa, a juya maɓallan ƙara, a girgiza waya a raminta. Ƙarar ƙaiƙayi a maɓalli yawanci ƙura ce. Gunjin da ke raguwa idan an taɓa tsirkiya ba lalacewa ba ne a jita mai maganaɗisu siriri. Wanda ya yi shiru ɗungurum a auna shi da mita: lafiyayyen siriri yakan nuna tsakanin kilo'om 5 da 7. Duk waɗannan hujjar neman ragi ne. Tsatsar tsirkiya ma ba a lissafa ta, tun da sauyawa za a yi. Abin lura a samfurin da aka janye shi ne girman kayansa: wanda ya bi ma'aunin Fender ko Gibson ana samun kunnuwa da jaki da za su hau shi, tsofaffin Japan irin Teisco kuwa ma'auninsu na kansu ne, in abu ya karye sai an sha nema.

Haɗarin da ya fi asarar kuɗi yana wajen amfilifaya. Ita jitar ba ta ɗauke da wutar da za ta cuci mutum, amma tsirkiyoyinta a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya. Idan amfilifayar na da matsala kuma soket ba shi da wayar ƙasa, kamar yadda yake a gidaje da yawa da kuma janareta, wutar ta jikin makaɗi za ta bi. Haka mawaƙin Ingila Keith Relf ya rasu a gidansa a 1976. Duk ɗan tsikarin wuta da aka ji a yatsa ko a leɓe kusa da makirufo, a kashe kaya nan take, kuma kada a karya ƙafa ta uku ta filogi don ya shiga soket. Amfilifayar gwanjo daga Amurka ta wuta mai volt 120 ce, ta Najeriya kuwa 230, sai an haɗa ta da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba ta ƙone a jonawar farko.

Wajen ciniki, kuɗin da za a kwatanta shi ne na jitar haɗe da sababbin tsirkiyoyi, da waya, da jaka, da ladan mai gyara. Idan jimlar ta kusa kuɗin sabuwar Pacifica ko Sonic, sabuwar ta fi, tun da ana iya mayar da ita shago. Wanda bai iya kiɗa ba tukuna ya tafi da makaɗi, ya biya masa kuɗin mota, a bar shi ya kaɗa ta kamar minti goma sha biyar, sannan a sake duba ko saitin tsirkiyoyin ya tsaya ko ya zame.