Laimar Iska Da Rayuwar Tumatir A Fadamar Haɗeja

Gabatarwa

Masu noman lambu a fadamar Haɗeja sun daɗe da sanin wani abu mai ɗaure kai. A watan Fabrairu manomi zai ba tumatir ruwa da safe har fangali ya cika, amma kafin azahar sai ganye ya langaɓe kamar bai taɓa ganin ruwa ba. A watan Agusta kuwa, ga ruwa ko'ina, sai ganye ya yi ɗigo-ɗigo baƙaƙe, ya riƙa bushewa daga ƙasa zuwa sama. Musabbabin matsalolin nan biyu ɗaya ne, wato yawan laimar da ke cikin iska. Wannan maƙala za ta yi bayanin mece ce laima, da yadda take sauyawa daga lokaci zuwa lokaci, da kuma dabarun da manomi zai bi don daidaita ta a kewayen shukarsa.

Mece Ce Laimar Iska?

Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da ruwa a sifar tururi wanda ido ba ya gani. Akwai iyakar tururin da za ta iya riƙewa, kuma iyakar tana ƙaruwa idan zafi ya ƙaru. Idan aka ɗauki iskar da za ta cika akwati mai tsawon mita ɗaya, da faɗin mita ɗaya, da zurfin mita ɗaya, a zafin digiri 10 na ma'aunin Santigireti za ta iya riƙe kimanin giram 9 na ruwa. A digiri 20, giram 17. A digiri 30, giram 30. A digiri 40 kuwa, giram 51. Idan masana yanayi suka ce laima ta kai kashi 30 cikin ɗari, suna nufin iskar ta ɗauki kashi 30 ne kawai na abin da za ta iya ɗauka a wannan zafin.

Abin lura a nan shi ne giɓin da ya rage, domin shi ne ƙishirwar iska. Alal misali, laimar kashi 30 a sanyin safiya mai digiri 20 na nufin iska tana neman ƙarin giram 12. Wannan laimar dai a tsakar ranar bazara mai digiri 40 na nufin tana neman kusan giram 36. Lissafin kashi bai canja ba, amma ƙishirwa ta ninka sau uku.

Yadda Shuka Ke Asarar Ruwa

A jikin ganye, musamman a bayansa, akwai dubban 'yan ƙofofi waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Ta nan shuka ke shigar da iskar da take haɗa abincinta da ita, ta nan kuma ruwa ke fita. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na ruwan da saiwa ta zuƙo ta waɗannan ƙofofi yake salwanta. Wannan asara tana da amfani, domin ita ke jawo ruwa da sinadaran taki daga ƙasa zuwa sama, ita ce kuma ke sanyaya ganye kamar yadda gumi ke sanyaya jikin ɗan Adam.

Idan iska ta bushe ƙwarai, ruwa yakan fita fiye da yadda saiwa za ta iya mayarwa. Sai shuka ta rufe ƙofofinta don ta tsira, da zarar ta rufe kuwa haɗa abinci ya tsaya. Idan kuma laima ta yi yawa, fitar ruwa takan ragu, ganye ya daɗe a jiƙe, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Tumatir ya fi jin daɗin matsakaiciyar laima, kimanin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, amma a yankinmu ba a daɗewa a wannan matsayi.

Damina

Daga Yuni zuwa Satumba iska mai ɗauke da ruwa tana busowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma. A watan Agusta laima kan haura kashi 80 cikin ɗari da asuba, lokacin da kogin Haɗeja ke tumbatsa yana malala cikin fadamu. A irin wannan yanayi fumfuna da sauran ƙwayoyin cutar ganye ke yaɗuwa, domin akasarinsu suna buƙatar ganye ya yi sa'o'i a jiƙe kafin su huda shi. Haka nan garin fure yakan dunƙule ya ƙi zuba, sai fure ya faɗi bai ƙulla ɗa ba.

Aikin manomi a nan shi ne ya buɗe wa iska hanya. A shuka a kan kunya mai tudu, a bar tazara mai kyau, a kafa sanda a ɗaure shuka don kada ta kwanta, a cire ganyen ƙasa da ke taɓa turɓaya. Kada a shiga gona ana taɓa shuka alhali ganye yana jiƙe, domin hannu da tufafi suna kai cuta daga wannan gindi zuwa wancan.

Kaka

A ƙarshen damina ne ake yafa irin da za a dasa don noman rani, kuma a nan ake asarar da ba a cika lura da ita ba. Idan an cunkusa iri, aka yi masa rumfa a ƙasa-ƙasa, aka kuma ba shi ruwa da yamma, sai laima ta taru a ƙarƙashin rumfar har gari ya waye. Bayan 'yan kwanaki sai a ga ƙananan tsirrai sun ruɓe daga wuya sun kwanta. Maganin abin shi ne a yafa iri a layi-layi ba tare da cunkoso ba, a ɗaga rumfa yadda iska za ta ratsa, a ba da ruwa da safe don saman ƙasa ya sha iska kafin dare.

Ko bayan ɗaukewar ruwa, fadama takan riƙe laima fiye da tudu. Iskar da ke ɗauke da giram 9 na ruwa busasshiya ce da rana, amma idan dare ya yi, sanyi ya kai digiri 10, ta cika maƙil, sai ta sauke raɓa a kan ganye.

Hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska takan juyo daga arewa maso gabas, daga Hamadar Sahara, da hazo da ƙura. Da rana laima kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Sanyin wannan lokaci yana yi wa tumatir daɗi, shi ya sa noman rani ya bunƙasa a ƙasar Haɗeja da Auyo, inda ruwan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 ke isowa ta kogi. Sai dai iskar tana share ɗan lulluɓin laimar da ke kewaye da ganye, ta bar shi a fili.

Don haka babban makami a hunturu shi ne kariya. Dannin kara ko zana da aka kafa ta ɓangaren arewa maso gabas yana rage ƙarfin iska har nisan da ya kai kimanin ninki goma na tsayinsa. Wato danni mai mita 2 zai kare mita 20. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko tattakar shinkafa a gindin shuka don ƙasa ta riƙe danshi. A kiyaye lokutan ban-ruwa, domin ƙishi yau, ambaliya gobe, shi ke hana sinadarin kalsiyam isa cikin ɗan tumatir, sai gindinsa ya yi baƙi ya ruɓe. Sabon dashe kuwa a yi shi da yamma, a ɗan yi masa inuwa na kwanaki kaɗan.

Bazara

A watannin Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40 ko fiye, iska kuma tana nan a bushe. A wannan lokaci garin fure kan mutu, fure ya kakkaɓe. Ƙananan jajayen ƙwari masu saƙa a bayan ganye suna hayayyafa cikin zafi da bushewa, haka ma tsutsar nan mai suna Tuta absoluta da ta yi wa tumatir mummunar ɓarna a Kano da Jigawa da Kaduna a 2016 ta fi ƙarfi idan zafi ya shigo. Inuwar raga ko rumfar kara mai ratsa haske tana taimakawa, amma rigakafi ya fi magani: a yi dashe da wuri a Oktoba ko Nuwamba, yadda shuka za ta ƙulla 'ya'ya cikin sanyi.

Auna Laima A Sauƙaƙe

Ɗalibi ko malamin gona zai iya auna laima da ma'aunin zafi guda biyu. A naɗe kan ɗaya da jiƙaƙƙen ƙyalle, a rataye su a inuwa, a yi musu fifita na 'yan mintoci. Idan busasshen ya nuna digiri 30, jiƙaƙƙen ya nuna 27, laima ta kusa kashi 80. Idan jiƙaƙƙen ya sauka zuwa 15, laima ba ta kai kashi 20 ba. Iya nisan tazarar da ke tsakaninsu, iya bushewar iska.

Wannan ƙa'ida ce ta sa ruwan randa ya fi sanyi a hunturu. Ita ce kuma Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya yi amfani da ita wajen yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, aikin da ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Busasshiyar iskar da ke wahalar da tumatir a gona, ita ce ke sanyaya shi bayan an tsinke.

Kammalawa

A taƙaice, ban-ruwa rabin aiki ne. Sauran rabin yana ga kula da iskar da ke kewaye da ganye. Da damina da kaka a buɗe wa iska hanya, da hunturu da bazara kuma a tare ta. Manomin da ya kiyaye wannan zai rage kuɗin man injin ban-ruwa da na maganin feshi, ya kuma ga bambanci a yawan kwandunan da zai kai kasuwa. Allah Ya ba da sa'a.