Wutar da ke tona asirin ruwan rijiya

Tarihin Kano ya zo da labarin Abagayawa, maƙeran Gaya da suka tashi zuwa Dutsen Dala neman tama. Maƙeri ba shi da ma'aunin zafi, idonsa ne ma'auni. Kalar ƙarfe a cikin wuta ce ke gaya masa lokacin ɗaga guduma ya yi. To, ɗalibai, masana kimiyya ma karatun kala suke yi, sai dai wutarsu ta fi ta maƙera nesa ba kusa ba.

Ku roƙi malamin kimiyya ya barbaɗa gishiri a harshen wutar gas, za ku ga ta koma ruwan ɗorawa. Sinadarin sodiyam ne ya nuna kansa. Gishirin jan ƙarfe kuwa kore yake bayarwa. Dalili shi ne, zafi yana ɗaga ilektiron ɗin da ke cikin ƙwayar zarra zuwa mataki na sama, idan ya dawo mazauninsa sai ya saki ƙarfin a matsayin haske. Kowane sinadari da irin haskensa, kamar yadda kowa ke da zanen yatsansa. Da wannan dabara Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff na Jamus suka gano sinadarin siziyam a 1860.

Matsalar ita ce, wutar gas ba ta da zafin da zai sa sinadarai da yawa su yi haske sosai. Nan filasma ta shigo. Filasma iska ce da ta yi zafi har wasu ilektiron suka rabu da ƙwayoyin zarrarsu. Kun sha ganin ta, domin walƙiyar damina filasma ce. A 1964 Stanley Greenfield a Ingila, sannan Velmer Fassel a Amurka a 1965, suka nuna yadda za a yi awo da ita. Na'urar da aka samu daga aikinsu ana kiran ta ICP-OES.

Ga yadda take aiki. A ce an ɗebo ruwan wata rijiya a Ajingi. Za a ɗiga masa ruwan asid, sai na'ura ta fesa shi kamar raɓa cikin iskar agon. Iskar tana bi ta wani bututu da aka naɗe bakinsa da wayar jan ƙarfe mai ɗauke da lantarki, wanda ke riƙe ta a matsayin filasma. Zafinta yakan kai digiri 6,000 zuwa 10,000, alhali fuskar rana kusan 5,500 ce. Duk abin da ke cikin ruwan sai ya wargaje ya yi haske. Na'urar ta rarraba hasken kamar bakan gizo. Kalar tana faɗin wane sinadari ne, ƙarfin hasken kuma yana faɗin yawansa, bayan an gwada shi da ruwan da aka riga aka san awonsa.

Me ya sa wannan ya shafe mu? Ruwa yana iya zama garai-garai amma da dalma a ciki, ido bai gani, harshe bai ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya ta ruwan sha. A 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare ta kashe yara sama da 400 a Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara. A kusa da mu kuma, majemun zamani na Kano suna aiki da kuromiyam, ga Kogin Challawa yana gangarowa ya haɗu da ruwan da ke ratsa Wudil, inda ake noman rani da su.

Duk wannan awo sai da mai ilimi. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana nan Wudil, tafiya kaɗan daga Gaya. Wanda ya riƙe darasin kemistiri da fiziks da kyau tun daga aji huɗu, wata rana shi za a kai wa ruwan rijiyar garinsu ya auna.