Kula da Filin Wasa da Kayan Wasanni

Gina filin wasa aiki ne mai ranar farawa da ranar gamawa, amma kula da shi ba shi da ranar gamawa. Ko filin ƙaramar makaranta ne, ko babban filin wasa na ƙasa, ruwan sama da zafin rana da ƙafafun 'yan wasa suna cin sa a kullum. Idan babu mai lura, ƙaramar ɓarna takan girma har ta gagari gyara. A wannan darasi za mu ga yadda ake kula da wurin wasa, da yadda ake sayen kayan wasa da adana su.

Darasi daga Surulere

An buɗe babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere a Legas a shekarar 1972. A 1973 aka yi gasar wasannin ƙasashen Afirka karo na biyu a cikinsa. A nan ne kuma Nijeriya ta ci Aljeriya 3 da nema a 1980, ta ɗauki kofin ƙwallon ƙafa na Afirka a karo na farko. Bayan da aka buɗe sabon filin Abuja a 2003, sai hankali ya koma can. Aka bar na Surulere babu kula sosai, ciyawa ta mutu, kujeru suka lalace, ƙarafa suka yi tsatsa. A 2023 ɗaya daga cikin dogayen turakun fitilunsa ya faɗi lokacin ruwa da iska.

Shi ma filin Abuja bai tsira ba. Ciyawarsa ta lalace har sai da Alhaji Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin gyara ta. Waɗannan filaye biyu an kashe dukiya mai yawa wajen gina su, abin da suka rasa shi ne gyara a kan lokaci. Abin da ya sami manyan filaye yana iya samun filin makarantarku.

Kula iri uku

Kula ta farko ita ce ta yau da kullum. Kafin a fara wasa, sai a zagaya fili a tsince duwatsu da ƙusoshi da fasassun kwalabe. A cike ramuka da ƙasa, domin ƙaramin rami yana iya jawo targaɗe ko karaya. A girgiza turakun raga a tabbata suna da ƙarfi, saboda turken da ya faɗo wa yaro yana iya hallaka shi. Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi, ɗalibai ma suna iya yin sa bi da bi.

Kula ta biyu ita ce ta lokaci-lokaci, kamar kowane mako ko kowane zangon karatu. A nan ake yanke ciyawa, a yi mata ban ruwa, a sake zana layukan fili da farar ƙasa, a ɗinke ragar da ta yage, a yashe magudanar ruwa, a shafa wa ƙarafa fenti.

Kula ta uku ita ce babban gyara, wanda ake yi bayan 'yan shekaru: sake shuka ciyawa, sake daɓen filin ƙwallon kwando, ko canja rufin rumfar 'yan kallo. Wannan yana cin kuɗi mai yawa. Amma makarantar da ta riƙe kula ta farko da ta biyu ba ta cika bukatar ta uku da wuri ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da siminti kaɗan zai toshe a bana, idan ruwa ya shiga cikinta, baɗi sai an fasa daɓen duka.

Yanayin wuri

Kowane yanki da irin matsalarsa. A garuruwan kudu kamar Legas da Fatakwal da Kalaba, ruwan sama yana da yawa. Fili yakan cika da ruwa, ƙarfe yakan yi tsatsa da sauri, riguna da raga sukan yi fumfuna idan aka ajiye su da laima. Don haka a yashe magudanai kafin damina ta kankama, a kuma hana wasa a filin da ya jiƙe sharkaf, domin takalma sukan tumɓuke ciyawa su bar taɓo. A garuruwan arewa kamar Kano da Sakkwato kuwa, rani yana da tsawo. Ciyawa takan bushe, ƙasa ta yi tauri, iskar hunturu ta busar da fata har ta tsage. A can babban aiki shi ne ban ruwa da safe ko da yamma, lokacin da rana ba ta da zafi. Gara kuma ba ta zaɓen yanki, duk inda aka kafa katako a ƙasa sai an sa masa magani.

Sayen kayan wasa

Kafin a tafi kasuwa, sai malamin wasanni ya ƙirga abin da ke cikin sito. Ya raba kayan gida uku: masu kyau, masu bukatar gyara, da waɗanda suka mutu. Daga nan ya rubuta abin da ake bukata, ya fara da mafi muhimmanci. Akwatin taimakon gaggawa da ƙwallaye da usur suna gaba da kayan ado.

Ya kamata mai saye ya san ma'aunin abin da zai saya. Ƙwallon ƙafa na manya, wato lamba 5, kewayensa santimita 68 zuwa 70 ne, nauyinsa kuma giram 410 zuwa 450. Ƙananan yara sun fi jin daɗin lamba 4. Faɗin gola mita 7.32 ne, tsawonta daga ƙasa mita 2.44. Wanda bai san wannan ba yana iya sayo ragar da ba za ta shiga turakunta ba.

Yana da kyau a tambayi farashi a shago uku kafin a biya, a kuma karɓi rasit. Kada a ruɗu da sauƙin kuɗi, domin araha ba ta ado. A ce akwai ƙwallo na naira 8,000 wanda yake fashewa bayan zango ɗaya, da wani na naira 18,000 wanda yake kai shekara. Wanda ya zaɓi na farko zai sayi uku a shekara, ya kashe naira 24,000. Ashe mai arahar ne ya fi tsada. Haka kuma, kafin a sayi injin yanke ciyawa, a tambaya: akwai kayan gyaransa a garin nan? Akwai makanikin da ya san shi? Akwai kuɗin mai?

Lokacin saye ma abin lura ne. Makarantu da yawa ba sa tuna kayan wasa sai gasar gidajen makaranta ta rage mako ɗaya. A cikin gaggawa sai a sayi abin da aka samu a kan farashin da aka faɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ajiya da lissafi

Sito ya zama busasshe, mai shan iska, mai kwaɗo, makullinsa kuma a hannun mutum ɗaya. A ɗora kaya a kan kanta, kada a zube su a ƙasa. A wanke riguna, a shanya su su bushe kafin a ninke. A goge ƙwallo bayan wasa, kada a bar shi a rana, kada kuma a zauna a kansa. A rubuta sunan makaranta a jikin kowane abu. A ajiye littafin da za a riƙa rubuta sunan wanda ya karɓi kaya, da yawansu, da ranar da ya mayar. Kayan da ba a rubuta ba, idan suka ɓata, babu wanda za a tambaya.

Wajen kasafin kuɗi, sai a fara ware rabon gyara kafin a yi maganar sabon kaya. A kuma bar wani abu a gefe saboda ɓarnar da ba a zata ba, kamar iska ta yaye rufi. Ƙungiyar iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai sukan taimaka, sun kuma fi son taimakon makarantar da take iya nuna musu rasit da littafin lissafi.

Filin wasa dukiyar kowa ne. Ɗalibin da ya tsince ƙusa, ko ya mayar da ƙwallo sito, ko ya gaya wa malami cewa turke yana girgiza, ya taimaka wajen ajiye filin domin ƙannensa masu zuwa.

Ma'anar kalmomi

Tsatsa: jan dattin da ke fitowa a jikin ƙarfe idan ya sha ruwa.
Targaɗe: ciwon da ake ji idan gaɓa ta murɗe.
Yashe: kwashe ƙasa da shara daga magudana ko rijiya.
Fumfuna: farin abu ko kore da ke fitowa a kan kaya masu laima.
Gara: ƙananan ƙwari masu cin itace.
Sito: ɗakin ajiye kaya.
Kasafi: raba kuɗi bisa ga bukatu.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka buɗe filin wasa na Surulere?
2. Kawo ire-iren kula guda uku, tare da misali ɗaya ga kowanne.
3. Me ya sa ba a son wasa a filin da ya jiƙe sosai?
4. Yi bayanin karin maganar nan: "Ba a fafe gora ranar tafiya."
5. Zagaya filin makarantarku, ka rubuta abubuwa biyar da suke bukatar gyara.