Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Ɗalibai Masu Binciken Baƙunta a Jami'a

Wata shekara ina rangadin makarantu, sai wani dattijon malami ya ja ni gidansa, ya roƙe ni in yi wa ɗansa faɗa. Yaron nan shi ne na ɗaya a ajinsu tun daga firamare har ya gama sakandare. Uban ya ci bashi ya kai shi jami'a, amma zango ɗaya tak ya yi, ya ɗauko akwatinsa ya komo gida, ya ce shi da komawa har abada. Da na keɓe da shi na tambaye shi dalili, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, karatun bai fi ƙarfina ba. Wata uku na yi babu malamin da ya san sunana. Ranar da na yi tambaya a aji aka fashe da dariya saboda Turancina, tun daga ranar ban ƙara ɗaga hannu ba. Wurin nan ba irina aka gina wa ba."

Na shiga gidan da niyyar faɗa, na fito da abin tunani. Mukan ƙidaya yaran da suka sami shiga jami'a mu yi murna, amma ba safai mukan ƙidaya waɗanda suka shiga suka zauna zaman baƙunta har suka gaji suka fita ba. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. To, wannan baƙunta ita ce abin da waɗansu jami'o'in ƙasashen waje suka ɗauka da muhimmanci, har suna ɗaukar ɗalibansu aiki, da albashi, don su bincika ta.

Yadda Aikin Yake

A jami'o'i da dama na Ingila da Amurka, idan an yi hutun ƙarshen shekara akan yi shela cewa ana neman ɗalibai kaɗan waɗanda za su yi 'yan makonni suna bincike a ƙarƙashin wani malami. Tambayar da akan ba su ita ce: a cikin wannan makaranta, ina ne ɗalibi yake jin shi ɗan gida ne, ina ne kuma yake jin an tsare masa ƙofa? Kafin su fara sai an koya musu ladabin tambaya da riƙon amana, sa'an nan wani kwamiti na jami'ar ya duba tsarinsu ya yarda, don kada a cuci wanda aka tambaya ko a tona asirinsa.

Bayan haka sai su bazu. Wani ya bi gurgu mai keke tun daga ɗakin kwanansa har ɗakin karatu, yana rubuta kowace matakala da ta tsai da shi. Wata ta ba 'yan'uwanta taswirar makaranta ta ce su sa alama a inda suke sakin jiki da inda suke gudu. Waɗansu kuwa su roƙi ɗalibai su ɗauko hoton wurin da suka fi so da wanda suka fi ƙi, a zauna a yi hira a kai. A ƙarshe su rubuta rahoto ba tare da sunan kowa ba, su karanta shi a gaban shugabanni.

Sa ɗalibi bincike tun bai sami digiri ba daɗaɗɗen abu ne. A shekarar 1969 wata malamar kimiyya mai suna Margaret MacVicar ta kafa irin wannan shiri a babbar makarantar fasaha ta MIT a Amurka, yana nan kuwa har yau. A shekarar 2006 kuma Alison Cook-Sather ta soma wani shiri a Kwalejin Bryn Mawr, inda ake biyan ɗalibi ya riƙa zama a ajin da ba nasa ba, yana lura da yadda malami yake koyarwa, da wanda yake magana da wanda ya yi shiru, sa'an nan su zauna da malamin ya faɗa masa abin da ya gani. Mu da muka saba da mai duba makaranta ya shigo aji da littafinsa, abin zai ba mu mamaki, watau a ce almajiri ne mai dubawar. Amma fa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ɗalibi zai ɓoye wa Farfesa, zai faɗa wa ɗan'uwansa a kan tabarma ɗaya.

Shaidar Masana

Mai yiwuwa wani ya ce, "Ai wannan shagwaɓa ce. Mu da muka yi karatu da fitilar ƙwai wa ya tambaye mu ko muna jin daɗi?" Maganarsa tana da hanya, amma a saurari abin da aka gwada aka gani.

A shekarar 2011 waɗansu malamai biyu na Jami'ar Stanford, Gregory Walton da Geoffrey Cohen, suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar Science. Sun ɗauki ɗalibai 92 'yan shekarar farko, baƙar fata da farar fata, suka raba su kashi biyu. Kashi ɗaya aka ba su labaran manyan ɗalibai su karanta, inda manyan suke cewa su ma da farko sun ji kamar wurin ba nasu ba ne, amma a hankali abin ya wuce. Sa'an nan aka ce su rubuta nasu labarin, su karanta shi a gaban na'urar ɗaukar hoto don amfanin masu zuwa baya. Ɗaya kashin aka ba su wani abu dabam. Dukan aikin bai fi kamar awa guda ba.

Da aka bi sawunsu shekara uku, sai aka tarar makin ɗaliban baƙar fata da suka yi wannan aiki ya yi ta hawa, har tazarar da ke tsakaninsu da farar fata ta ragu da wajen rabi. Dalilin da malaman suka bayar mai sauƙin fahimta ne. Ɗalibin da yake zaton ba a so shi ba, duk abin da ya same shi, ko faɗuwa jarrabawa ko wani ya ƙi amsa masa gaisuwa, sai ya ce, "Ka gani, dama na faɗa." Daga nan sai ya janye jiki, ya daina zuwa wurin malami, ya daina shiga taron bita. Wanda kuwa ya san kowa ya taɓa wannan ɗaci, sai ya ɗauke shi wahalar hanya ya ci gaba da tafiya.

A shekarar 2023 Walton da abokan aikinsa suka sake buga wani gwajin mai faɗi, a makarantu 22, da ɗalibai fiye da 26,000. Nan ne aka sami darasin da ya fi kowanne. Maganar ta yi amfani, ta ƙara yawan masu kammala shekarar farko, amma a wuraren da ɗalibi yake da halin zama ɗan gida da gaske kaɗai. Inda ƙofa take a rufe, faɗa masa cewa za ta buɗe bai tsinana kome ba. Iri ko ya kai iri, in an watsa shi kan fako asara ne. Saboda haka dole a san inda fakon yake a kafce shi, wannan kuwa shi ne amfanin ɗalibai masu bincike.

Mu Fa a Nan Gida?

Ba a ce ba a yi kome ba. A shekarar 2017 hukumar JAMB ta kafa wani rukuni na musamman mai shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga. Wa'adin nan ya cika a 2024. To, wa ya zaga ya ƙidaya ɗakunan karatun da har yanzu sai an ɗauki gurgu a hannu kafin ya shiga? Wa ya tambayi makaho ta yaya yake samun littafi? Wa ya tambayi matar aure mai goyo inda take ajiye jaririnta lokacin lacca, ko yaron ƙauye abin da ya hana shi magana a aji?

Ga shi kuwa muna da masu aikin a hannu. Tun 1973 ake tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu a ƙarƙashin shirin SIWES, kuma kowace shekara dubban 'yan ajin ƙarshe suna rubuta kundin bincike wanda yawanci ƙura ce makomarsa. Da za a ware kaɗan daga cikinsu a ce su binciki gidansu, da an sami ilmi mai amfani da kuɗi ƙalilan.

Amma da sharaɗi uku. Na fari, a biya su, gama in aka ce kyauta ne, ɗan mai hali kaɗai zai iya, ɗan talakan da ya fi sanin ciwon yana can gona ko kasuwa yana neman kuɗin rajista. Na biyu, a tsare amana, kada wanda ya faɗi gaskiya ya ga sakamakonta a takardar jarrabawarsa. Na uku, wanda ya fi duka, shugabanni su ba da amsa a rubuce: wannan za mu gyara a wata kaza, wannan ba za mu iya ba saboda kaza. In an tambayi mutum ciwonsa sau biyu ba a ba shi magani ba, na uku ba zai amsa ba.

Ku kuma malaman makaranta da akawuna, ba sai kun jira jami'a ba. Kafin yaranku su tafi, ku tara musu 'yan garinku da suka riga su, ku roƙe su su faɗi gaskiya, har da ranar da suka yi kuka. Haka muka yi wa yaron nan na farko, aka haɗa shi da wani yayansa a karatu, shekara ta kewayo ya koma. A ajinku kuma ku lura da mai zama baya wanda bai taɓa ɗaga hannu ba, ku kira shi da sunansa.

Allah ya sa 'ya'yanmu su shiga lafiya su fito da abin da suka je nema, amin.