Bushiya a bakin garke: a kashe ta ko a bar ta?

Ƴan'uwa makiyaya, a nan ƙasar Kurfai, daga Filinge zuwa Tukunus, duk wanda ya kwana a garke da damina ya san motsin bushiya. Wasu na korar ta, yara na kama ta su gasa, wasu kuma na cewa ita ke kawo wa shanu kaska. Gara mu san halinta kafin mu yanke mata hukunci.

Iri biyu ake samu a Nijar. Akwai mai farin ciki, wadda yatsu huɗu ne kawai a ƙafafunta na baya, ta fi yawa ta kudu. Sai bushiyar hamada, mai manyan kunnuwa da baƙar fuska da farin goshi, tsakiyar kanta kuma akwai tsaga marar ƙaya kamar an yi mata kitso. Ba ta cika wuce rabin kilo ba. Ba ta harba ƙaya, beguwa ma ba ta harbawa, zance ne kawai. Idan ta ji tsoro, wata jijiya da ta kewaye jikinta ce ke tsukewa kamar mazagin wando, sai kai da ƙafafu su shige ciki.

Da rana tana kwance a rami ko gindin kalgo da sabara. Sai bayan magariba take fitowa. Ba nono ke kawo ta garke ba, bakinta bai isa kama hantsar saniya ba, nono ma zawo yake sa ta. Kashin shanu ne ke tara buzuzu da gyare da gara, ita kuma su take bi. Tana cin fara, da ƙananan macizai, da ƙwan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa. Abin da ya fi burge ni shi ne kunama: bushiya na cin ta, domin jikinta na jure dafi fiye da na sauran dabbobi masu girmanta. Wanda ke shimfiɗa tabarma a ƙasa kusa da turke, da yara a gefensa, ya san darajar wannan aiki.

Ciki wata ɗaya ne da ƴan kwanaki, ta haifi ƴaƴa har shida, idanunsu a rufe. Da ɗari, wajen Janairu da Fabrairu, takan lafe a rami ta yi kwanaki ba motsi, jikinta ya yi sanyi. Ba mutuwa ta yi ba, a ƙyale ta.

To, maganar kaska. Gaskiya ne bushiya na ɗauke da kaska da ƙuma, domin ƙaya ba ta barin ta susa bayanta. Babbar kaskar nan mai zane-zane a ƙafafu, wadda muke cirewa a hantsa da ƙarƙashin wutsiyar shanu da raƙuma, tun tana ƙarama jinin ƙananan dabbobi take sha: zomo, ɓera, zabi, har da bushiya. Sai ta girma take hawa manyan dabbobi. Kun ga ko an kashe duk bushiyar da ke Dallol Boso, zomo da ɓera na nan, kaska ba za ta ragu ba. A jikin dabba ake yaƙar ta. A duba hantsa da kunnuwa da gindin wutsiya kowane mako da damina, a yi amfani da maganin kaska daidai awon da ma'aikacin kiwo ya faɗa.

Wannan kaska kan ɗauki wani zazzaɓi mai sa zubar jini ga mutum, alhali saniyar da ke ɗauke da cutar ba ta nuna alamar komai. Shi ya sa muke hana murje kaska da yatsa. A jefa ta a wuta ko cikin kananzir.

Bushiya kan kamu da ciwon baki da kofato, wanda wasu ke kira boru. Saboda shi ne Amurka ta hana shigo da bushiya daga Afirka a 1991. Amma a wurinmu haɗuwar garke da garke a rijiya da kasuwa ce babbar hanyar yaɗuwarsa. Abin da za a kiyaye shi ne kada yara su kawo bushiya gida su ɗaure ta kusa da maruƙa, kuma wanda ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu kafin ya yi tatsa ko ya ci abinci, domin kashinta na iya sa gudawa.

Abu biyu na hannunmu ne ke kashe ta da yawa. Na farko wutar daji bayan kaka: dunƙulewa take yi maimakon gudu, wuta ta cinye ta tare da ciyawar da za mu nema da rani. Na biyu ragowar maganin kaska da ake zubarwa a bakin garke. Ƙwari su sha, bushiya da kaji su ci ƙwarin. Ragowar magani a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya da tafki a zuba, a huda galan ɗin a binne, kada wani ya ɗauka ya zuba ruwan sha ko nono.