Motar Hannu Mai Araha da Fitilar Birki a Kunne: Abin da Ya Kamata Mai Saye Ya Sani

Tun daga shekarar 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur kuma darajar naira ta faɗi ƙwarai, farashin motocin da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, waɗanda aka fi sani da tokumbo ko Beljiyam, ya yi tashin gwauron zabi. Wannan ya sa ƙananan 'yan kasuwa da masu sufuri da dama suka koma neman motocin da aka riga aka mora a cikin gida. A irin wannan ciniki, ko a kasuwar Berger ta Legas ko a wajen dillalan unguwa, akan tarar da mota mai araha wadda fitilar birkinta ke kunne, mai sayarwa kuwa ya ce ɗan ƙaramin gyara ne.

Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, mai yiwuwa kuma a'a, domin fitilar ba ta bayyana girman matsalar. Saboda haka biyan kuɗi kafin a gano dalilin kunnuwarta tamkar cinikin biri a sama ne.

Da farko, fitilun iri biyu ne. Akwai ja, mai alamar motsin rai a cikin da'ira, akwai kuma mai ruwan ɗorawa wadda aka rubuta ABS a kanta. Jar fitilar takan kama idan ba a sauke birkin hannu sosai ba, ko kuma idan man birki ya yi ƙasa a cikin tankinsa. Raguwar man nan ita ce abin lura, domin ba ƙonewa yake yi kamar fetur ba. Idan ya ragu, to ko dai takalman birki ne suka cinye, man ya gangara domin cike gurbin da suka bari, ko kuwa akwai inda yake yoyo.

Sauya takalman birki aiki ne na yau da kullum, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sabo yakan kai kaurin milimita 10 zuwa 12, ana kuma sauya shi idan ya sauko zuwa kamar milimita 3. Amma idan an bari ƙarfe ya ci ƙarfe, sai an haɗa da faifan birki, kuɗin kuma ya ƙaru. Yoyo kuwa ya fi haɗari, ko daga tiyo yake, ko daga bututun ƙarfe, ko daga masta. Motocin da suka fito daga Kanada da arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara, sukan zo da bututun da tsatsa ta ci. Ƙara mai a irin wannan mota yana kashe fitilar na ɗan lokaci, amma ba ya toshe ɓarakar.

Ita kuwa fitilar ABS tana nuna cewa na'urar da ke hana tayoyi ƙullewa yayin taka birki da ƙarfi ta daina aiki. Birkin zai ci gaba da kamawa, sai dai motar na iya zamewa a kan jiƙaƙƙen titi. Sau da yawa laifin na ƙaramar na'urar auna gudun taya ne ko wayarta, amma idan babbar na'urar ce ta lalace, tana cikin kayan birki mafi tsada. Idan fitilun biyu suka kama tare, bai kamata a tuƙa motar ba sai an duba ta.

Har ila yau, rashin ganin fitila ba shaida ce ta lafiya ba, domin akwai masu cire ƙwan ko su rufe shi. Hanyar ganewa ita ce a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba. Wajibi ne dukkan fitilun su kama, sannan su mutu bayan an tayar da injin kuma an sauke birkin hannu. Wadda ba ta kama ba tun farko, akwai zargi a kanta.

Bugu da ƙari, yana da kyau mai saye ya zo da bakanikensa, ba wanda dillali ya kawo ba. A cire tayoyi a duba, a leƙa ƙarƙashin motar, sannan a danne birki na ɗan lokaci. Idan yana nutsewa a hankali, akwai matsala a masta ko yoyo. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996 suna da wurin jona na'urar bincike, sai dai a tabbatar tana karanta ɓangaren ABS, domin ba kowace ke yi ba.

Daga nan sai lissafi. A tambayi farashin kayan a kasuwa, kamar Ladipo ta Legas ko Panteka ta Kaduna, a haɗa da ladan aiki, a cire jimlar daga kuɗin motar. Idan har yanzu da sauƙi, ciniki ya yi. Idan kuwa mai motar ya ƙi yarda a duba, to wannan ma amsa ce, domin motar da ke ɗauke da kaya ko fasinjoji, ranar da birkinta ya tsinke, asarar ba ta tsayawa a kan jari kaɗai.